Yadda ake sa kwamfuta ta gina birni a wasan bidiyo, kuma gine-ginensa su rushe idan an buge su

Duk wanda ya taɓa zama yana dasa gidaje ɗaya bayan ɗaya a cikin injin wasa, wato manhajar da ake ƙera wasan bidiyo da ita, ya san cewa kafin ya kammala unguwa guda mako ya tafi, kuma idan ya ga titi ya yi ƙunci ya so faɗaɗa shi, aikin makon nan duka sai an sake shi. Shi ya sa masu wannan sana'a suke rubuta ƙa'idoji su bar kwamfuta ta yi ginin. Dabarar ta daɗe. A 1984 David Braben da Ian Bell sun cusa dubban duniyoyi cikin wasan Elite a kan kwamfutar da ba ta da wurin ajiye su, ta hanyar fitar da su daga 'yan lambobi kaɗan, sannan a 2001 Yoav Parish da Pascal Müller suka gabatar da hanyar tsiro da titunan birni da lissafi, wadda ta zama tushen manhajar CityEngine.

Abin da na koya bayan maimaita aikin sau da yawa shi ne, idan kana son birnin ya rushe, dole ka yi shirin rushewar tun daga ranar da ka fara gini. Gidan da aka ƙera dunƙule ɗaya ba ya karyewa sai an koma an sake shi daga tushe. Saboda haka kowane mataki a nan an tsara shi ne da na gabansa a zuciya, kuma ina ba ka shawara kada ka tsallake ko ɗaya.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 8, ko da katin zanenta ba mai ƙarfi ba ne. Injin da zan yi bayani da shi shi ne Godot 4, domin kyauta ne, saukar da shi ba ya cin data mai yawa, kuma harshensa na rubuta umarni, GDScript, yana da sauƙin karantawa ga wanda ya ɗan san Python. Idan kwamfutarka tsohuwa ce, ka zaɓi tsarin zane na Compatibility lokacin buɗe sabon aiki. Sai Blender, shi ma kyauta, don ƙera bango da ginshiƙi da kuma farfasa su. Wanda ya riga ya saba da Unity zai iya bin matakan nan yadda suke, sunayen abubuwa ne kawai za su bambanta. Unreal yana da nasa tsarin rushewa mai suna Chaos, amma yana son na'ura mai ƙarfi, kuma ban ga amfanin mai koyo ya fara da abin da zai ɓoye masa yadda aikin yake tafiya ba.

Ka tanadi littafin lissafi mai layukan murabba'i da fensir, domin a takarda ake fara gane kuskuren tsari. Ka kuma saba da ajiye kwafin aikinka bayan kowane mataki, da Git ko da kwafe babban fayil ɗin zuwa wani wuri, musamman idan kana inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa.

Mataki na 1: Lambar iri

Kwamfuta ba ta yin ƙuri'a ta gaskiya. Tana ɗaukar lamba ɗaya, wadda ake kira iri, ta fitar da jerin lambobi daga gare ta, kuma duk ranar da aka ba ta iri ɗaya jeri ɗaya za ta fitar. Ka ƙirƙiri RandomNumberGenerator, ka ba shi iri da hannunka, ka kuma sa lambar ta riƙa fitowa a gefen allo. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne amfani da ƙuri'a ɗaya ga birnin baki ɗaya. Da zarar sun ƙara zaɓi guda a farkon aiki, misali launin ƙofa, sai jerin ya goce, birnin duka ya canja. Maganinsa shi ne kowace unguwa ta sami irinta, wanda za ka haɗa daga irin birni da matsayin unguwar a taswira. Ka kuma sani cewa Godot bai yi alkawarin iri ɗaya zai ba da jeri ɗaya a tsakanin tsohon fitowarsa da sabo ba, don haka kada ka sabunta injin a tsakiyar aiki ba tare da gwadawa ba.

Mataki na 2: Ma'auni

A Godot ma'auni ɗaya mita ɗaya ne. Ka tsayar da girman ɗaki: ni ina amfani da mita 4 a faɗi, mita 4 a tsawo, mita 3 a tsayi. Daga nan faɗin titi da girman fuloti duka su zama ninkin 4. Idan ka yi sakaci a nan, za ka tarar da ratar rabin mita tsakanin gida da gida, ko bango ya shiga cikin bangon maƙwabci.

Mataki na 3: Tituna

Hanyar da ta fi sauƙi kuma ba ta cika ba da kunya ba ita ce yanka fili a kai a kai. Ka fara da fili mai mita 400 kowane gefe, ka zagaye shi da titi. Ka duba gefen da ya fi tsawo, ka yanke shi da titi a wani wuri tsakanin kashi 40 da kashi 60 cikin 100 na tsawonsa, inda ƙuri'a ta nuna. Yanzu kana da fili biyu, sai ka yi wa kowannensu abin da ka yi wa na farko, ka ci gaba har sai gefen fili ya gaza mita 60 ko kusa da haka. Yankan farko da na biyu su zama manyan tituna masu faɗin mita 16, na tsakiya mita 12, na ƙarshe kuma layukan unguwa masu mita 8. Kyan wannan hanya shi ne kowane sabon titi yana farawa daga tsohon titi ya ƙare a wani tsohon, saboda haka babu titin da zai tsaya shi kaɗai ba hanyar shigarsa.

Abin da za ka samu zai yi kama da sabuwar unguwar da aka yanka da awo. Idan burinka shi ne irin lungunan tsohon birnin Kano ko Zariya, masu lanƙwasa da ƙarewa a ƙofar gida, to sai hanyar tsiro, inda titi yake miƙewa kaɗan kaɗan, ya yi reshe, ya manne da na kusa da shi idan sun haɗu. Wannan ita ce hanyar Parish da Müller. Tana da kyau ƙwarai, amma filayen da take fitarwa ba su da kusurwa daidai, kuma cika su da gidaje aiki ne mai wuya, don haka ka bar ta sai ka gama birninka na farko.

Kafin ka wuce, ka zana titunan da launi ɗaya, filayen da wani, ka duba daga sama. Kada ka dasa gida ko ɗaya sai taswirar ta gamsar da kai.

Mataki na 4: Fulotai da tsayin gidaje

Kowace unguwa za a sake yanka ta zuwa fulotai da irin wannan dabarar, sai dai ba titi a tsakani. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kowane fuloti ya taɓa titi. Wanda ya faɗa tsakiya ba mafita, ka mayar da shi fili ko lambu, ko ka haɗe shi da na kusa. Wanda ya gaza ɗaki biyu a faɗi shi ma ka bar shi fili.

Game da tsayi, idan kowane gida ya ja ƙuri'arsa shi kaɗai, za ka ga bene mai hawa 12 manne da shago, birnin ya zama ba fasali. A gari na gaskiya maƙwabta suna kama da juna. A nan ne ake amfani da lissafin da Ken Perlin ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980, wanda ke ba da lambobi masu hawa da sauka a hankali kamar tudu da kwari. A Godot yana cikin FastNoiseLite. Ka ba shi matsayin fuloti, ya ba ka lamba tsakanin -1 da 1, ka haɗa ta da nisan fulotin daga tsakiyar birni, yadda dogayen benaye za su taru a tsakiya, gajeru su bazu a gefe. Bayan haka kana iya ƙara ko rage hawa ɗaya da ƙuri'a don kada layi ya miƙe sumul.

Mataki na 5: Gina gida daga guntaye

Wannan ne matakin da sauran duka suka dogara a kansa. A Blender ka ƙera abu biyar kawai: ginshiƙi, bango, bango mai taga, bango mai ƙofa, da daɓen da zai zama rufin hawa ɗaya kuma ƙasan na samansa. Kowanne ya dace da ma'aunin mataki na 2, cibiyarsa ta zauna a wuri ɗaya da ka zaɓa, kuma ka tabbatar da girmansa da Ctrl+A kafin ka fitar da shi a tsarin glTF, in ba haka ba zai iya zuwa Godot da girman da ba ka zata ba.

Rubutun umarninka zai bi fuloti ɗaki ɗaki, hawa hawa, yana jera guntayen nan. Amma yayin da yake jerawa, dole ya riƙa cika wani rajista. A ciki kowane guntu yana da lambarsa, da nau'insa, da matsayinsa, da yawan dukan da zai iya ɗauka, da jerin guntayen da yake taɓawa, da kuma alamar ko yana zaune a kan ƙasa. Abin da ɗan wasa yake gani hoto ne kawai, rajistan nan shi ne ainihin ginin.

Ka yi lissafin yawansu tun yanzu. Gida mai ɗaki uku a faɗi, uku a tsawo, yana da bango 12 na waje, daɓe 9 da ginshiƙi 16 a kowane hawa, wato guntu 37. Hawa biyar sun zama 185, gida 200 kuma 37,000. Idan ka mayar da kowanne abu mai zaman kansa a cikin injin, kwamfutar za ta durƙusa tun ba a harba komai ba. Abin da ake yi shi ne a zana su da MultiMeshInstance3D, wanda ke zana dubban abu masu siffa ɗaya da umarni guda. Sai dai ka yi ɗaya ga kowace siffa a kowace unguwa, ba ɗaya ga birnin duka ba, domin injin yana ɗaukarsa abu guda, kuma idan gefensa ya shigo allo zai zana dukansa. Siffar karo kuwa, wato abin da ke hana ɗan wasa ratsa bango, akwati ɗaya ga gida duka ya isa muddin ba a taɓa gidan ba. Sai ɗan wasa ya matso kusa ko duka ya sauka ne za ka musanya akwatin da siffofin guntaye.

Mataki na 6: Farfasa guntaye tun kafin wasa

Yanka siffa a tsakiyar wasa lissafi ne mai nauyi, shi ya sa yawancin wasanni suke farfasa kayansu tun a wurin ƙira. A Blender akwai ƙarin kayan aiki mai suna Cell Fracture, wanda daga fitowa ta 4.2 ake sauko da shi daban. Yana watsa ɗigo a cikin bangon, ya ba kowane ɗigo yankin da ya fi kusa da shi. Ana kiran wannan rabon da sunan masanin lissafi Georgy Voronoi, kuma wanda ya taɓa ganin ƙasan kududdufi ta bushe ta tsattsage a rani ya riga ya ga kamanninsa.

Gutsure 8 zuwa 12 ga bango ɗaya sun wadatar. Mai farawa yakan yi 100 saboda suna da kyau a Blender, daga baya wasan ya ƙi motsi. Ka ba fuskokin ciki launin siminti mai kaushi dabam da fentin waje, domin wannan bambancin ne ke sa ido ya yarda cewa abu ya karye. Ka mayar da cibiyar kowane gutsure tsakiyarsa, in ba haka ba zai riƙa juyawa a iska ta hanyar da ba ta yi kama da dutse ba. Ka kuma bar 'yar rata ƙanƙanuwa tsakaninsu. Idan siffofin karonsu sun shiga juna, injin zai yi ƙoƙarin raba su da ƙarfi, su tarwatse kamar an dasa nakiya ko da tsakuwa ce ta taɓa su. Idan ba ka sami Cell Fracture ba, ka yanka bangon da hannu sau huɗu ko biyar a karkace, ko ka yi amfani da ƙananan akwatuna masu girma daban daban. A cikin ƙura ba mai lura da bambancin.

Mataki na 7: Lokacin da duka ya sauka

Idan harsashi ko fashewa ta sami guntu, ka rage masa ƙarfi a rajista, wanda ya fi kusa da fashewar ya fi asara. Idan ƙarfinsa ya ƙare, abubuwa huɗu za su faru a tare: a ɓoye hotonsa daga MultiMesh, a cire siffar karonsa, a fito da gutsattsarinsa a matsayin RigidBody3D, wato abin da injin ke lissafa motsinsa da faɗuwarsa, daidai inda yake, a tura su waje da apply_impulse. Siffar karon kowane gutsure ta zama mai sauƙi mara rami, domin siffa mai bin kowane lungu na zane an yi ta ne don abubuwan da ba sa motsi.

Kada ka manta da nauyi. Godot yana ba kowane RigidBody3D kilo 1 idan ba ka canja ba, alhali kankare yana kai kilo 2,400 a kowane dunƙule mai mita ɗaya ta kowane gefe, don haka bango mai mita 4 da 3 da kaurin santimita 20 ya haura tan 5. Idan ka bar kilo 1, baraguzan za su riƙa tashi kamar kwali da zarar an ture su.

Mataki na 8: Wa ke riƙe da wa

Zuwa nan kana iya huda bango, amma idan ka share hawan ƙasa duka, sauran benen zai tsaya a iska. Yanzu ne rajista zai yi amfaninsa. Duk lokacin da aka cire guntu, ka fara bincike daga guntayen da ke kan ƙasa, ka yi musu alama, ka wuce zuwa waɗanda suke taɓawa, ka ci gaba har ba sauran wanda za ka kai gare shi. Duk wanda bai sami alama ba ya rabu da ƙasa, faɗuwa zai yi. Gidan da aka buga kaɗai za ka bincika.

Wannan ƙa'ida ita kaɗai ba ta isa ba, kuma da idona na gane haka. Na taɓa rushe ƙasan wani bene mai hawa shida a gwaji, na bar ginshiƙi guda a kusurwa, sai ga benen duka yana tsaye a kansa ko gezau, inuwarsa ta rufe titi, domin a lissafi kowane guntu yana da hanyar kaiwa ƙasa. Gyaran da na zauna a kansa shi ne ba wa tallafi lamba. Guntun ƙasa yana da 3. Idan tallafi ya hau sama kai tsaye ba ya raguwa, idan ya tafi gefe sai ya ragu da ɗaya, kuma wanda ya kai sifili ya faɗi. Da haka baranda za ta iya miƙewa ɗaki biyu, amma rabin bene ba zai rataya a ginshiƙi ɗaya ba. Wanda yake son ya zurfafa zai iya lissafa nauyin da ke kan kowane ginshiƙi, ya karya shi idan kaya ya yi masa yawa. Irin wannan lissafin nauyi ne ya sa aka san wasan Red Faction: Guerrilla na 2009, inda gini ke nishi kafin ya zube. Ka fara da lamba ukun tukuna.

Guntayen da suka rabu da ƙasa a tare kada ka farfasa su nan take. Ka haɗa su su zama RigidBody3D ɗaya mai siffofin karo da yawa, ya karkata, ya faɗi dunƙule, sai ya daki ƙasa sannan ya watse. Wannan ya fi sauƙi ga kwamfuta kuma ya fi kama da gaskiya. Ka sa ɗan jinkiri na rabin sakan da ƙarar tsagewa kafin faɗuwar, don ɗan wasa ya sami damar gudu.

Mataki na 9: Kasafin baraguzai

Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na sakan ya gama kowane hoto, har da lissafin motsi. Ka sa iyaka ga gutsattsarin da ke motsi a lokaci guda. A matsakaiciyar kwamfuta ina farawa da 200, in ƙara ko in rage bayan na duba Monitors a cikin Debugger. Idan an kai iyaka, mafi tsufa ya ɓace. Ka ƙirƙiri gutsattsarin tun farkon wasa ka ajiye su a ɓoye, kana ɗauka kana mayarwa, domin ƙirƙirar ɗaruruwa a lokacin fashewa ita ke kawo tsayawar nan da ake ji. Manyan da suka kwanta ka daskarar da su da freeze su zama tarin baraguzai, ƙanana kuma su nutse cikin ƙasa a hankali bayan sakan biyar zuwa goma. Ka raba su a matakan karo yadda ƙanana za su daki ƙasa amma ba za su daki juna ba. Sauran aikin ƙura ce za ta yi, da GPUParticles3D, ko CPUParticles3D idan katin zanen ya gaza. Daga Godot 4.4 akwai injin motsi na Jolt a cikin saituna, kuma ya cancanci gwadawa idan baraguzai sun fara nauyi.

Idan duk da haka na'urarka ba ta ɗauka, ka rage buri: gida ya zama yana da kama uku, lafiyayye, mai rauni, da kango, kana musanya su a bayan ƙura. Akwai kuma hanyar da Teardown ya bi, inda aka gina komai da ƙananan bulo, amma wannan yana buƙatar injin da aka ƙera musamman dominsa.

Mataki na 10: Ajiya, haske da gwaji

Don ajiye wasa ba sai ka ajiye birnin ba. Lambar iri da jerin lambobin guntayen da aka rushe sun isa a dawo da komai. Hasken da ake gasawa a jikin bango tun kafin wasa ba zai yi maka aiki ba, tunda inuwar gida za ta zauna bayan gidan ya tafi, don haka ka yi amfani da hasken rana guda mai inuwa kai tsaye. Idan akwai mutane ko motoci masu neman hanya, ka sake lissafa taswirar tafiyarsu a unguwar da aka yi ɓarna kaɗai, bayan baraguzai sun kwanta.

Daga nan ka sa maɓalli ɗaya da zai sake gina birni da sabon iri, ka danna shi aƙalla sau 50, kana duba kowanne daga sama sannan daga tsayin mutum a titi. Duk irin da ya fitar da gida a tsakiyar kwalta, ko ƙofa mai fuskantar bangon maƙwabci, ko benen da ya rushe da kansa tun ba a taɓa shi ba, ka rubuta lambarsa a littafinka tare da abin da ka gani. Bayan kowane gyara ka koma ka sake gwada waɗannan lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin ka matsa zuwa sababbi.